Bazara, Damina, Kaka da Hunturu: Bangaskiya da Bege a Rayuwar Samuel Ajayi Crowther

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya leƙa tarihin nazarin Hausa ya san sunan J. F. Schön, Bajamushen nan ma'aikacin mishan wanda ya wallafa littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma Magana Hausa a 1885. Sai dai ba kowa ba ne yakan tsaya ya tambayi ko wane ne abokin tafiyarsa sa'ad da ya hau Kogin Kwara a 1841, watau tafiyar da ta zama mafarin wannan aiki nasa. Abokin tafiyar nan wani Bayarabe ne malamin makaranta daga Saliyo, sunansa Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a Ikilisiyar Angilikan.

Hausawa sukan ce bayan wuya sai daɗi, kuma da wannan ma'auni ne aka fi ba da labarin Crowther: yaro ne aka kama bawa, Allah ya kuɓutar da shi, ya yi karatu, ya ɗaukaka. Labarin yana da daɗin ji, amma an datse shi a tsaka. Gaskiyar magana ita ce rayuwar mutumin ba ta ƙare da daɗi ba, ta ƙare ne da rashe-rashe da wulaƙanci, kuma wulaƙancin daga hannun 'yan'uwansa a addini ya fito. To, in har begen mai bi ya rataya ne ga daɗin da ke biyo bayan wuya, mene ne ya riƙe tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai wanda babu sauran wani daɗi da yake jira a duniya? Wannan ita ce tambayar da rayuwarsa take jefo wa mai karatu, kuma domin a amsa ta sai a bi rayuwar daki-daki, yadda manomi yake bin shekara daga bazara zuwa damina, daga kaka zuwa hunturu.

Bazara

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarbawa, cikin yankin da ake kira Jihar Oyo a yau. A zamanin nan daular Oyo ta fara tsagewa, sarakunan yaƙi sun ɗaga kai, kowa yana kai wa maƙwabcinsa hari domin neman bayi. Wata safiya a farkon shekarar 1821, mata suna cikin haɗa karin kumallo, sai labari ya bazu cewa mayaƙa sun kewaye gari. Shi kansa Ajayi, a wata doguwar wasiƙa da ya rubuta a 1837, ya bayyana cewa rundunar ta ƙunshi Yarbawan Oyo Musulmi da Fulani da waɗansu bayi da suka tsere daga iyayengijinsu. Mahaifinsa ya shigo gida a gurguje ya umarci iyali su gudu, sa'an nan ya koma bakin daga. Ganinsa na ƙarshe ke nan. An kama yaron tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata biyu, ɗayarsu jaririya ce, aka zarga musu igiya a wuya, aka tasa su gaba garinsu yana ci da wuta a bayansu.

Ba a daɗe ba aka raba su a matsayin ganima. An yi musayar Ajayi da doki, da dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba sai aka warware ciniki aka mayar da yaron. Ya sake zama kusa da mahaifiyarsa har kimanin wata uku, zuciyarsa ta ɗan kwanta. Ran nan da maraice aka aike shi wani gida da sunan karɓo kuɗi, ashe cikin ayarin bayin da za a kai kasuwa za a jefa shi. Bai sami ko yin sallama da uwar ba. Daga nan ya dinga sauya hannu, daga wannan ubangiji zuwa wancan, har akwai inda aka biya farashinsa da taba da barasa. Da ya ji ana maganar sayar da shi ga Turawan Fotugal sai tsoro ya hana shi cin abinci, ciwon atuni ya kama shi. Ya rubuta da kansa cewa ya yi ƙoƙarin shaƙe wuyansa da ɗamararsa domin ya huta, amma ya kasa jan igiyar har ƙarshe. Yaro ne a lokacin wanda bai wuce shekara goma sha uku ba.

A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, aka sa shi a mari tare da manya, sa'an nan a watan Afrilu na 1822 aka loda su cikin jirgin ruwa. Ingila kuwa ta riga ta haramta cinikin bayi tun 1807, jiragen yaƙinta suna sintiri a bakin tekun. Biyu daga cikinsu suka tare jirgin tun bai yi nisa ba. Bayin ba su ɗauki wannan a matsayin ceto ba, domin an riga an tsorata su da baƙin. Da Ajayi ya hau jirgin Ingilishi ya ga harsasan igwa a jere sai ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne, naman alade da aka rataye kuma ya ɗauka naman mutum ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A watan Yuni na 1822 aka sauke shi a Firitawun, ba uwa, ba uba, ba wanda ya san sunan garinsu.

Damina

A Saliyo aka danƙa shi ga malaman ƙungiyar mishan ta C.M.S. a ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin Ikilisiya a Landan, amma bai yar da Ajayi ba. Ya yi 'yan watanni a makaranta a Ingila a 1826, a 1827 kuma ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta a makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, suka kafa gida suka hayayyafa.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi abin da bangaskiya ta yi a zuciyar wannan saurayi. A wasiƙar nan ta 1837 ya kira ranar da aka ƙone Osogun da suna biyu: ranar baƙin ciki, da kuma rana mai albarka. Mai karatu yana iya jin haushin wannan magana, yana kuwa da hujja. Ina albarka a ranar da uba ya ɓace, aka ɗaure uwa da igiya? Ina kuma albarkar dubban yara irinsa da jiragen sintiri ba su tare ba, waɗanda suka ƙetare teku suka mutu a gonakin rake? Amma in aka lura da kyau, za a ga Crowther bai shafe sunan farko da na biyu ba. Bai ce abin da aka yi masa daidai ne ba, ya ma ƙare rayuwarsa yana yaƙi da cinikin bayi. Abin da ya ce shi ne muguntar mutane ba ita ce ke da magana ta ƙarshe a kansa ba. Wannan shi ne darasin labarin Yusufu ɗan Yakubu, wanda Kirista da Musulmi duka suka sani: 'yan'uwa sun ƙulla sharri, laifinsu yana nan a matsayin laifi, amma Allah ya bi ta cikin sharrin ya fitar da abin da su ba su nufa ba.

Bugu da ƙari, addinin da ya karɓa ya gabatar masa da Almasihu wanda shi ma aka ba da shi a kan kuɗi, aka ɗaure, aka yi wa ba'a, aka gicciye, sa'an nan ya tashi. Ga yaron da aka taɓa auna darajarsa da doki, wannan koyarwa ba tatsuniya ba ce daga nesa. Ta gaya masa cewa Allah ya san ɗacin mari daga ciki, ta kuma gaya masa cewa farashin da aka sa masa a kasuwa ba shi ne ƙimarsa ba.

Tafiyar 1841 ta gwada wannan bangaskiya ta wata fuskar. Jirage uku ne suka hau Kwara da burin kafa halattaccen ciniki da noma a madadin cinikin bayi. Zazzaɓi ya afka wa Turawan da ke ciki, ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku, tafiyar ta watse. Crowther ya ga ana binne abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya a bakin kogi. Daga wannan asara ne Schön ya fitar da shawarar cewa aikin bishara a wannan ƙasa sai 'yan ƙasa, da harsunan ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Shawarar nan ce ta kai Crowther Ingila, inda aka naɗa shi limami a 1843, shekarar da littafinsa na kalmomin Yarbanci ya fito.

Kaka

A 1846 Crowther ya isa Abekuta tare da Henry Townsend domin kafa mishan. Bai yi wata guda a garin ba sai aka kawo masa wata tsohuwa. Ran 21 ga Agusta ne, shekara ashirin da biyar bayan rabuwa. Uwa da ɗa suka tsaya suna kallon juna, jikinta yana rawa, hawaye suna zuba, ta kira shi da sunayen da ake kiransa da su yana yaro. Ita ma ta sha bauta, an fanshe ta. Daga baya aka gano 'yan'uwansa mata, a 1848 kuma aka yi wa mahaifiyar baftisma da suna Hannatu. In da labarin ya tsaya a nan, da karin maganar nan ta bayan wuya ta wadatar.

Shekarun da suka biyo baya shekarun girbi ne. A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya, ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. A 1854 ya sake hawa Kwara da Binuwai tare da Likita William Baikie, wannan karon an yi amfani da kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 ya kafa Mishan na Kwara, wanda ma'aikatansa baƙaƙen fata ne, mafi yawansu 'yantattun bayi daga Saliyo ko 'ya'yansu. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin masu kallo a ranar har da Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin da ya kuɓutar da shi shekara arba'in da biyu da suka shige.

Sai dai kakar ma ba ta rasa ƙaiƙayi ba. A 1857 jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse ya farfashe kusa da Jabba, suka maƙale a can watanni masu yawa. Maimakon ya zauna zaman jiran tsammani, sai ya duƙufa koyon Nufanci, abin da ya haifar da littafinsa na nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas, ta haɗa da takardun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tara kalmomi da karin maganar Yarbawa a cikinsu. Duk ɗalibin da ya taɓa yawon tattara bayanai daga bakin tsofaffi ya san girman wannan asara, domin tsohon da ya ba da kalma jiya ba lallai ne a same shi gobe ba. Crowther ya sake farawa daga tushe, kuma a 1884 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Yarbanci, aikin da shi ne jigonsa. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson a bakin Kwara yana neman fansa, wajen kuɓutar da su kuwa wani jami'in Ingilishi ya rasa ransa da kibiya mai dafi.

Akwai wani abu kuma da ya cancanci a lura da shi a wannan zango. Waɗanda suka kama Ajayi Musulmi ne, waɗanda suka saye shi domin ƙetarar da shi teku Kirista ne, amma bai riƙe ɗaya daga cikin al'ummomin biyu da ƙulli ba. Ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida. A fadar Sarkin Ilori a 1872, da malamai suka yi masa tambayoyi game da Isa ɗan Maryamu, bai shiga gardama ko zagi ba, sai ya buɗe Littafi ya karanta abin da ke ciki, ya kuma yi wa Sarki addu'a. A shekarun 1880 Etsu Maliki na Nufe ya aika masa da saƙo a rubuce da Hausa, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa domin tana lalata jama'a. Sarki Musulmi ba ya kai irin wannan kuka sai ga wanda ya amince da shi. Zuciyar da baƙin ciki ya mayar dutse ba ta iya ƙulla irin wannan amana.

Hunturu

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Henry Venn, sakataren C.M.S. wanda ya tsaya tsayin daka a kan cewa Ikilisiyar Afirka ta riƙe kanta, ta ciyar da kanta, ta kuma yaɗu da kanta, ya rasu a 1873. Susan, abokiyar zaman Crowther ta shekara hamsin, ta rasu a 1880. Mahaifiyarsa ta bi ta a 1883, tana da tsufa ƙwarai. Waɗanda suka san shi tun yana Ajayi suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi cikin sabon zamani da sababbin fuskoki.

Zamanin kuwa ya sauya ƙwarai. Kamfanonin Ingilishi da ke ciniki a Kwara sun haɗe a ƙarƙashin George Goldie a 1879, suka sami izinin mulki daga gwamnatinsu a 1886, bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Kwinin ya sa Bature yana iya zama a bakin kogi, saboda haka ba ya bukatar baƙar fata ya tsaya a madadinsa. Ra'ayin fifikon launin fata kuma ya yi ƙarfi a Turai, har ya ratsa cikin majami'u. Bishop baƙar fata da ke shugabantar mishan ya zama abin da bai dace da sabon tsari ba.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Mishan na Kwara yana da nasa rauni. Tashoshinsa suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, waɗansu ma'aikata sun shagala da fatauci, har an taɓa samun biyu da laifin azabtar da wata yarinya a Anaca har ta mutu. Crowther mutum ne mai sanyin hali, ba ya son korar ma'aikaci sai an kawo hujja an kuma ji ta bakinsa. Amma matasan Turawan da aka turo a ƙarshen shekarun 1880, irin su Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson da F. N. Eden, ba su zo da niyyar gyara tare da shi ba. Sun zo da zafin kai da tabbacin cewa duk aikin ruɓaɓɓe ne, suka yi wa mai laifi da marar laifi kuɗin goro. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anaca a watan Agusta na 1890, Eden, wanda sakatare ne kawai, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon ya miƙe ya ajiye shugabancin kwamitin.

Naka shi ke ba da kai. Mayaƙan 1821 baƙi ne, ba su san shi ba, ba su kuma yi masa alkawarin komai ba. Waɗannan kuwa 'yan ƙungiyar da ta raine shi ne, Littafi ɗaya suke karantawa, tebur ɗaya suke cin Jibin Ubangiji, kuma sa'o'in 'ya'yansa ne ko jikokinsa. Wannan karon babu jirgin sintiri da zai ɓullo daga teku, babu kuma wata ganawa irin ta Abekuta da ke jiransa a gaba.

Abin da ya yi a wannan hali shi ne ainihin shaidar bangaskiyarsa. Bai bar Ikilisiya ba, bai kuma rama zagi da zagi ba. Ya sanar da shugabannin ƙungiyar cewa in ana ganin bai iya riƙon aikin ba, a shirye yake ya ba wani wuri, shi kuma ya tafi ya share sabon fili inda ba a taɓa yin wa'azi ba. Mai shekara tamanin ne ke maganar share sabon fili! Amma sauƙin kansa bai zama miƙa wuya ga zalunci ba, domin ya goyi bayan majami'un bakin teku, irin su na Boni, a kan shirinsu na tsayawa da ƙafafunsu ba tare da kuɗin Landan ba. A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891, bai ga an wanke sunansa ba.

Ma'anar Bege

Manomin ƙasar Hausa ya san abin da ake kira binne, watau shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Mai yin binne ya ɗebi irin da ya hana kansa ci duk tsawon rani, ya zuba a turɓaya, ya rufe, ya koma gida. Ba shi da iko da hadari, kuma ya san akan yi shekarar da iri ke ƙonewa a ƙasa. Abin da ya dogara da shi ba alamar da ya gani a sama ba ce, sanin Mai saukar da ruwan ne. Wannan ya fi kusa da abin da Kirista suke nufi da bege. Fata ita ce mutum ya so abu ya yi kyau, kuma tana mutuwa ran da abin ya ɓaci. Bege kuwa dogaro ne ga amincin Allah, kuma tushensa a wurin Kirista shi ne tashin Almasihu daga matattu, watau imanin cewa kabari ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Saboda haka bege ba ya bukatar mai shi ya ga girbi da idonsa.

Da wannan ma'auni za a gane cewa Crowther na 1890 bai sauya daga Crowther na 1837 ba. Wanda ya iya kiran ranar bautarsa da suna biyu, shi ne ya iya ɗaukar ranar wulaƙancinsa ba tare da ya ce Allah ya yashe shi ba. Bambancin kawai shi ne a karo na farko ya rayu ya ga sunan na biyu, a karo na ƙarshe kuwa sai da ya bar wa na baya su gani. Haƙurinsa kuma ba na naɗe hannu ba ne. Duk inda asara ta same shi, aiki ya biyo baya: jirgi ya fashe ya koyi harshe, takardu suka ƙone ya sake tarawa, aka ƙwace mishan ya nemi sabon fili. Baƙin ciki bai hana shi kuka ba, amma bai hana shi shuka ba.

Kammalawa

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa ya isa abin tunani. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a 1891, Brooke kuma ya bi a 1892, dukansu da ƙuruciyarsu, ba su kai ga ƙasar Hausa da suke buri ba. Domin tunawa da Robinson ne aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa C. H. Robinson har Kano a 1894, shi ne kuma ya wallafa ƙamusun Hausa da ɗalibai suka sani, ya koyar da harshen a Jami'ar Kambirij. Ashe tarihin nazarin Hausa ya taɓa rayuwar Crowther ta fuska biyu, ta wajen abokinsa Schön da ta wajen waɗanda suka ɓata masa rai.

Majami'un bakin teku sun ayyana cin gashin kansu a watan Afrilu na 1892 a ƙarƙashin Dandeson. Bature ne aka naɗa a gurbin Crowther, sai bayan kimanin shekara sittin aka sake ba wa baƙar fata cikakken riƙon lardin Angilikan a Nijeriya. Jikansa Herbert Macaulay ya zama ɗaya daga cikin iyayen fafutikar neman 'yancin ƙasa. A 1976 aka mayar da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Angilikan da ke Legas, a 2005 aka buɗe jami'a da sunansa a garin Oyo, a 2014 kuma, wajen bikin cika shekara 150 da naɗa shi, Babban Bishop na Kantabari Justin Welby ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan abubuwa sun biya shi, domin bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma neman gafarar da ya zo bayan shekara ɗari da ashirin bai share hawayen tsohon da ya miƙe daga kujerarsa a Anaca ba. Amfaninsu ga masu rai ne. Akwai ɗalibin da ya binne mahaifi yana tsakiyar karatu, akwai malamin da aka danne haƙƙinsa a wurin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, akwai wadda hunturun rayuwa ya same ta ba shiri. Rayuwar Ajayi ba ta yi wa ɗayansu alkawarin cewa daɗi yana nan tafe gobe ba. Abin da ta nuna shi ne mutum yana iya kiran baƙin ciki da sunansa na gaskiya, ya yi kukansa, sa'an nan ya tashi ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa, ya bar maganar ruwa a hannun Mai ruwa.